Ƙarfen Gurza da Al'adar Canki-Canki a Kan Kayan Aikin Da

A rumfunan masu sayar da kayan tarihi a kasuwar Kurmi ta Kano, ko a cikin tarkacen 'yan gwangwan, akan ci karo da wani ɗan ƙarfe mai ɗaure kai. Tsawonsa taƙi ɗaya ne ko ya ɗan ɗara, kaurinsa bai wuce na yatsa ba, tsakiyarsa ta ɗan kumbura, bakunansa biyu sun sirance. Ba kaifi, ba ƙota, ba rubutu. Duk wanda aka miƙa wa sai ya juya shi ya faɗi tasa. Wannan ya ce na dakan magani ne, wancan ya ce maƙera ke huda ƙarfe da shi, wani ya ce makami ne. Idan hasashe ya ƙare kuma, sai a koma ga amsar da ba ta buƙatar hujja: ai kayan bori ne.

Ƙarfen gurzar auduga ne. Mace takan zauna da shimfiɗaɗɗen dutse ko faffaɗan itace a gabanta, ta ɗora 'yan ƙullin auduga a kai, ta dafa bakunan ƙarfen da tafin hannuwanta, ta murza shi gaba da ƙarfi. Ƙarfen ya danne audugar, ya tura angurya ta fice ta gaba. Daga nan sai shiɓa da baka, sai kaɗi da mazari, sannan zare ya isa hannun masaƙi. Aiki ne mai cin rai, domin kusan kashi biyu cikin uku na nauyin audugar da aka tsinko daga gona angurya ce, kuma da hannu ake raba kowace ɗaya da gashinta.

Idan an san aikin, kowace siffa ta ƙarfen sai ta ba da dalilinta. Sirantarsa dole ce, domin mai kauri hawa kan anguryar zai yi ya murƙushe ta, man cikinta ya ɓata audugar. Kumburin tsakiya shi ke tara nauyi a wuri guda, ya kuma ɗaga bakunan daga kan dutsen don kada yatsu su goge. To amma wannan karatu ne na wanda ya riga ya san amsa. Siffa ita kaɗai ba ta kai mutum can, kuma a nan ne al'adar canki-canki take da rauni: ana duban abu a tambayi me ya yi kama da shi, maimakon a tambayi me ya taɓa shi.

Masu wannan sha'awa a Amurka sun daɗe da mayar da ita fanni. Henry Mercer ya fara tara kayan aikin hannu da injuna suka kora a 1897, ya gina musu gidan tarihi a Doylestown ta jihar Pennsylvania a 1916. A 1933 aka kafa ƙungiyar Early American Industries Association, wadda mambobinta kan zo taro da kayan da suka gagare su a yi ta muhawara a kai. Sai dai su suna da madogara. Yawancin kayansu daga masana'anta suka fito, da tambarin kamfani ko lambar rajistar ƙirƙira a jiki, ga kuma tsofaffin littattafan talla da za a buɗe a ga hoton abin da sunansa da kuɗinsa. Maƙerin Kano ko na Zariya bai buga sunansa a kan ƙarfe ba, bai buga littafin talla ba. Wanda ya kwaso waccan hanya ya kawo ta nan zai tarar ba abin da zai duba.

Hanyar da ta fi dacewa da kayanmu ita ce ta bin sawun aiki a jikin abu. Masanin Rasha Sergei Semenov ya shimfiɗa ta a littafinsa na 1957, inda ya yi amfani da madubin ƙara girma ya nuna cewa yanka da kankara da huda kowanne na barin irin nasa tabon a kan kayan aikin dutse. Ba sai da madubi ba a kan ƙarfen gurza. Tsakiyarsa santsi gare ta har tana sheƙi, saboda shekarun gogayya da dutse da auduga. Bakunansa ma sun yi laushi, irin laushin da tafin hannu ke bari. Da na huda ne, da kansa ya baje saboda dukan guduma. Da na daka ne, da gindinsa ne ya ci, ba cikinsa ba. Hasashe biyu sun faɗi ke nan tun ba a tambayi kowa ba.

Kuskuren ma ba namu ne mu kaɗai ba. Irin wannan magurji ya bayyana a zanen kogunan Ajanta na Indiya tun ƙarni na 5, kuma Angela Lakwete, a littafinta na 2003 kan tarihin injin gurza, ta nuna cewa mai yiwuwa masu tonon kayan tarihi sun riƙa ɗaukar sassansa a matsayin wasu kayan dabam, tun da dutsen ya yi kama da na niƙa. Raba ƙarfen da dutsensa kamar raba turmi da taɓarya ne. Kowanne shi kaɗai ba ya nuna aikinsa.

A ganina akwai wani dalili da ya fi waɗannan nauyi, wanda ba a cika faɗa ba. Gurza da shiɓa da kaɗi aikin mata ne, a cikin gida ake yin su. Tufafin Kano da matafiyi Heinrich Barth ya gani a 1851 ya yaba, har ana kai su Timbuktu da Tarabulus, daga hannun waɗannan mata suka faro, amma masaƙi da marini da ɗan kasuwa ne suke a idon jama'a. Yau ma idan tsohon ƙarfe ya ɗaure kai, maza ake tambaya a kasuwa. Nuna musu awartaki ko gizago, nan take za su gane, domin a bakin hanya ake ƙira da sassaƙa. Abin da aka yi aiki da shi a tsakar gida kuwa, shi ne ke saurin zama na tsafi a bakinsu.

Sana'ar kuma ba dare ɗaya ta mutu ba. Ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA da aka kafa a Manchester a 1902 ta kafa injunan gurza a garuruwa irin su Zariya da Funtuwa da Gusau, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, zaren kanti ya yi arha, mata suka riƙa ajiye mazari ɗaya bayan ɗaya. Wannan na nufin har yanzu akwai tsofaffi a ƙauyukan noman auduga da suka gurza da hannunsu, ko suka zauna kusa da kakar da ke yi. Shaidar irinsu ta fi ta kowane madubi, musamman in an ba su ƙarfen da auduga aka ce su gwada, domin hannu kan tuna abin da baki ya manta.

Ita ma shaidar sai an tace ta. Kayan aiki ba ya zama banza a gidan Bahaushe; idan aikinsa na fari ya ƙare, sai a nema masa wani. Dutsen gurza ya koma na niƙan yaji ko kwalli, ƙarfen ya koma na tonon murhu ko fasa ƙwara. Jikar da ta tashi ta ga ana haka za ta rantse cewa aikinsa ke nan, kuma ba ƙarya ta yi ba. Sabon tabon yakan hau kan tsohon: baƙin wuta ko lotsawa a baki ɗaya, alhali santsin tsakiya yana nan a ƙarƙashi. Mai nazari sai ya fara tantance wane tabo ne ya riga wani, sannan ya san tsarar da zai nufa da tambayarsa.