Gadar Narni sau biyu: Corot da hasken da aka ɓoye

An saba koya wa ɗalibai cewa haske bai shiga zanen Faransa ba sai a 1874, shekarar da Monet da abokansa suka yi baje kolinsu na farko a Paris. Zane biyu na Camille Corot sun isa su raunana wannan magana.

A 1826 Corot, yana saurayi a Italiya, ya zauna gaban rusasshiyar gadar Romawa ta Narni, ya zana ta da fentin mai a kan takarda. Wannan ƙaramin aiki yana gidan tarihi na Louvre. Babu labari a cikinsa, sai rana da ta bugi gaɓar kogin Nera, da inuwa mai kauri a gindin tudu, da duwatsun nesa da suka narke cikin shuɗi-shuɗi. Ana ganin sawun buroshi, alamar hannu yana tsere da rana. Dama tun a 1800 malamin zane Valenciennes ya rubuta cewa irin wannan aiki na fili kada ya wuce awa biyu, in kuwa fitowar rana ce ko faɗuwarta, rabin awa, domin haske ba ya jiran mai zane.

Amma a wancan zamani ba a ɗaukar irin wannan a matsayin kammalallen aiki. Da Corot ya so shiga Salon, babban baje kolin hukuma, a 1827, sai ya sake zana gadar a ɗaki, a kan babban ƙyalle. Ya shimfiɗa hanya, ya dasa dogayen itatuwa, ya kawo makiyaya da dabbobinsu. Wannan na biyu, da ke Ottawa ta Kanada, ya fi tsari da ladabi, sai dai haskensa ba na wata sa'a ba ne; na kowace rana ne, wato na babu rana. Na farkon ya fi shi nesa ba kusa ba.

Abin da ya rage shi ne a yarda a rataya irin wannan haske a bainar jama'a, kuma ya ɗauki shekaru. Ƙirƙirar bututun fenti a 1841 ta sauƙaƙa fita daji. Théodore Rousseau ya tare a Barbizon yana bin sauyin sama a kan dajin Fontainebleau. Daubigny kuwa a 1857 ya mayar da kwalekwale ɗakin aiki, yana bin kogin Oise da hazonsa, har masu suka suka zarge shi da kawo ayyukan da bai gama ba.