Almakashin Wane Ne? Sharhi a Kan Shari'ar Mallakar Fasahar CRISPR

Fiye da shekara 10 ke nan manyan cibiyoyin ilimi na Amurka suna ja-in-ja a kan wanda ya mallaki fasahar CRISPR-Cas9, wato almakashin da masana ke yanka zaren gado na DNA da shi a daidai gurbin da suke so, su gyara ko su sauya. A gefe guda akwai Jami'ar Kalifoniya da Jami'ar Biyana da Emmanuelle Charpentier, a ɗaya gefen kuma akwai Cibiyar Broad ta jami'o'in MIT da Harvard. Ra'ayina shi ne shari'ar tana neman mutum guda da za ta naɗa wa rawani a kan aikin gayya, kuma ko wa ya yi nasara, talaka marar lafiya ba shi da kaso.

A watan Mayun 2012 Jennifer Doudna da Charpentier suka shigar da buƙatar takardar mallaka, a watan Yuni kuma suka wallafa bincikensu a mujallar Science, inda suka nuna cewa ana iya saita sinadarin Cas9 ya yanka DNA a cikin kwalbar gwaji. Feng Zhang na Cibiyar Broad ya shigar da tasa buƙatar a watan Disamba, a Janairun 2013 ya wallafa shaidar cewa almakashin yana aiki a cikin ƙwayoyin halittar mutum da na ɓera. Cibiyar ta biya kuɗin duba takarda cikin gaggawa, aka ba ta mallaka a Afrilun 2014. Da yake dokar Amurka kafin Maris na 2013 tana fifita wanda ya riga ƙirƙira, ba wanda ya riga kai takarda ba, sai shari'a ta koma tonon littattafan ɗakin gwaji da wasiƙun imel.

Hukumar ɗaukaka ƙara ta ofishin mallakar fasaha ta goyi bayan Broad a 2017, ta sake yin haka a 2022. Cikin hujjojinta har da maganganun da ɓangaren Doudna suka yi na shakku da wahalar da suka sha kafin abin ya yi aiki a ƙwayoyin halittar dabba. Nan ne sukata ta farko. Shakka ado ce ga mai bincike, domin ita ke hana shi faɗin abin da bai tabbatar ba. Idan kotu ta mayar da ita makamin da za a sare shi da shi, to an koya wa masana masu tasowa su riƙa cika baki a rubuce, su ɓoye gazawar gwajinsu. A Mayun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce ma'aunin da hukumar ta yi aiki da shi bai dace ba, ta mayar mata da shari'ar. A Turai kuwa, an soke wata babbar takardar Broad a 2018 saboda saɓanin sunayen masu ƙirƙira tsakanin takardar farko da ta baya. Kenan fasaha guda, mai ita ya danganta da ƙasar da kake tsaye.

Suka ta biyu ta shafi waɗanda ba a kira sunansu a kotu ba. Yoshizumi Ishino na Japan ne ya fara lura da waɗannan jerin maimaitattun haruffa a jikin bakteriya a 1987. Francisco Mojica na Sifaniya ya shafe shekaru yana bin diddiginsu, a 2005 ya bayyana cewa garkuwa ce. Masu binciken kamfanin Danisco sun tabbatar da haka a 2007 a kan bakteriyar da ke daskarar da madara ta zama yogot. Virginijus Šikšnys na Lituweniya ya aika sakamako makamancin na Doudna ga mujallar Cell a Afrilun 2012, aka mayar masa ba tare da an ba masana sun duba ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma dokar mallaka hannun ƙarshe kawai take gani. Kyautar Nobel ta 2020 ta je ga Charpentier da Doudna, takardun Amurka masu tsoka kuma suka je ga Broad. Alƙalan kimiyya da na doka ma ba su yi ittifaƙi ba.

Hausawa na cewa faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Wannan faɗa da ruwanmu. Magani na farko da aka amince da shi daga wannan fasaha, Casgevy, na cutar sikila ne, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, inda ake ƙiyasin haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita kowace shekara. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba, farashinsa dala miliyan 2.2 ga mutum guda. A cikin watan nan na Disamba kamfanin Vertex ya amince ya biya kamfanin Editas, mai riƙe da lasisin Broad, dala miliyan 50 a matsayin kafin alƙalami. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Adalci ya sa in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Babu kamfanin da zai zuba dukiya a gwajin magani na shekaru ba tare da kariya ba. Cibiyoyin sun bar masu binciken jami'o'i su yi aiki da fasahar ba tare da sayen lasisi ba. Tsadar Casgevy ma ba daga takardar mallaka kaɗai take ba: sai an ciro ƙwayoyin ɓargon marar lafiya, an gyara su, an ba shi magani mai ƙarfi da zai share tsofaffin, sannan a mayar masa a asibiti na musamman. Na yarda da duk wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jami'ar da ta ci kuɗin jama'a wajen bincike ta miƙa wa kamfani guda keɓantaccen lasisin magani a kan kayan aikin da kowa ke buƙata.

Akwai wata hanya, kuma an taɓa bin ta. Lokacin da Jami'ar Stanford da ta Kalifoniya suka sami mallakar fasahar haɗa DNA ta Cohen da Boyer a 1980, sun buɗe lasisin ga duk mai so a farashi mai sauƙi. Kamfanoni fiye da 400 suka karɓa, jami'o'in suka sami riba, masana'antar ta bunƙasa. Da masu CRISPR za su tattara takardunsu a rumbu guda, su buɗe lasisi ga kowa, su sassauta wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, da sun fi kusa da manufar da aka kafa jami'a dominta.

Mu kuma namu aikin bai jira hukuncin kotun Amurka ba: gwajin jini kafin aure, tantance jarirai tun suna cikin tsumma, wadatar da maganin hydroxyurea, da horar da masanan da za su iya riƙe almakashin da kansu. Takardar mallaka shekara 20 take yi ta faɗi, kuma agogon ta CRISPR ya riga ya wuce rabi. Tambayar da ta rage mana ita ce ko ranar za ta same mu da ɗakunan gwaji da ƙwararru, ko kuwa da ƙoƙon bara.