4.3 Zaɓin Mai Wasa da Ginin Taurari a Wasan Mass Effect

A bisa al'adar nazarin ƙagaggun labarai na Hausa, idan aka zo maganar tauraro, abin da akan duba shi ne yadda marubuci ya gina shi, wato irin halin da ya ba shi da maganganun da ya sa a bakinsa da kuma inda ya kai shi a ƙarshen labari. Mai karatu ba shi da ta cewa. Yadda Abubakar Imam ya bar Alhaji Imam na Ruwan Bagaja tun gasar 1933, haka yake har gobe, kuma duk haushin Malam Zurƙe da mai karatu zai ji, ba shi da ikon hana su sake haɗuwa a gari na gaba. Haka abin yake a Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo (1969), wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen labarin kimiyya na farko da Hausa: Kilba ya bi Kolin Koliyo sararin samaniya, mai karatu kuma ya bi Kilba. Wannan ma'auni yana neman ya gaza idan aka ɗora shi a kan wasan bidiyo irin Mass Effect, domin a nan an raba aikin marubuci gida biyu, an miƙa wa mai wasa kashi ɗaya. Saboda haka abin da za a duba a wannan sashe shi ne, wane ne ya gina tauraron, kuma ginin ya yi kyau ko bai yi ba.

Kamfanin BioWare da ke birnin Edmonton na ƙasar Kanada ne ya fitar da wasan kashi uku, a 2007 da 2010 da 2012, daga baya aka haɗe su wuri guda aka sake fitarwa a 2021. Labarin ya fara ne a shekara ta 2183, lokacin da ɗan Adam ya riga ya cuɗanya da halittun wasu duniyoyi. Babban tauraro shi ne Kwamanda Shepard na jirgin Normandy, wanda nauyi ya hau kansa na tare wasu na'urori masu rai da ake kira Reapers, waɗanda kan dawo bayan kowace shekara 50,000 su shafe duk al'ummar da ta ci gaba. Tun kafin a fara, mai wasa ne zai zaɓi ko Shepard namiji ne ko mace, da inda ya tashi, da irin sunan da ya yi a aikin soja. A kowace hira kuma akan jera masa amsoshi ya ɗauki wadda yake so. Abin da ya zaɓa a kashi na ɗaya na'ura tana ajiye shi, ta kai shi kashi na biyu da na uku.

Ya kamata a faɗi tun da wuri cewa ba wannan ne wasan da ya cika gidajen gem na Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ba. A can ƙwallon ƙafa ne ke ci, sai wasannin dambe da na harbi. Dalilin a fili yake. Mai gidan gem kuɗin wasa ɗaya yake karɓa, ga mai jira a baya, ga inji yana shan mai, alhali kashi ɗaya na Mass Effect kan ci awa talatin ko fiye, kuma da Turanci ake yin hirar. Don haka masu buga shi galibi waɗanda suka mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka ne, kamar ɗalibai da matasan ma'aikata. Ƙarancinsu bai hana a yi nazarin wasan ba, kamar yadda ƙarancin masu karatun boko a 1933 bai hana littattafan gasar zama adabi ba.

Bahaushe ba baƙo ne ga labarin da ake bar wa mai sauraro hukunci ba. Akwai nau'in labaran baka da ake rufewa da tambaya, waɗanda William Bascom ya tattara irinsu daga sassan Afirka ya buga a 1975. Alal misali, mutum ne a kwalekwale da uwarsa da matarsa da surukarsa, ruwa ya ci su, mutum ɗaya kawai zai iya ceto. Wa zai ɗauka? Irin wannan tambaya ce Mass Effect ya ɗora wa mai wasa a duniyar Virmire a kashi na ɗaya, inda abokan Shepard biyu, Ashley Williams da Kaidan Alenko, suka shiga haɗari a wurare daban-daban, ga bam yana shirin tashi. Wanda aka bari ya mutu ke nan, ba za a sake ganinsa da rai ba har ƙarshen kashi na uku. Sai dai akwai bambanci. A dandali, daɗin labarin yana cikin gardamar da ke biyo baya, kowa ya kawo hujjarsa, a watse ba a kashe kowa ba. A wasan kuwa mutum ɗaya ne zai yanke hukunci, kuma shi zai ci gaba da zama da sakamakon. Ta wannan fuska wasan ya fi labarin baka nauyi a zuciya. Amma ta fuskar gini wurin yana da rauni, domin ba wani hali na Ashley ko na Kaidan ne ya jawo matsalar ba. Marubutan ne kawai suka ga dama su tsare mai wasa a lungu. Bugu da ƙari, duk wanda ya tsira a cikinsu, kusan gurbi ɗaya yake cikewa a sauran labarin.

Raunin da ya fi wannan girma shi ne ma'aunin hali da aka sa a wasan. An raba amsoshi gida biyu: na sassauci da ake kira Paragon, masu shuɗin launi, da na tsanani da ake kira Renegade, masu jan launi, kuma kowane zaɓi yana ƙara wa mutum maki a ɗaya daga cikinsu. A kashi na biyu musamman, wanda bai tsaya a gefe ɗaya ba yakan tarar an rufe masa wasu amsoshi a lokacin da ya fi bukatarsu. Illar haka ita ce mai wasa yakan daina tambayar kansa abin da ya dace, ya koma bin launi. Kirk-Greene (1974) da yake bayanin mutumin kirki a wajen Bahaushe ya kawo siffofi irin su gaskiya da amana da kunya da haƙuri da hankali. Waɗannan siffofi sukan ci karo da juna, kamar inda faɗin gaskiya zai keta kunya, ko riƙon amanar wani ya jawo cutar da wani, kuma a irin wannan karo ne ake gane halin mutum. Ma'auni mai launi biyu ba zai iya ɗaukar wannan ba. Shi ya sa idan aka auna Shepard da ma'aunin tauraro, za a ga cewa riga ce kawai da aka ɗinka don kowa ya sa. Bahaushe ya ce hali zanen dutse, amma Shepard na iya yafe wa maƙiyi da safe ya harbe fursuna da rana, labari bai tuhume shi ba.

Inda wasan ya yi fice shi ne wajen ginin abokan tafiya, kuma babu misalin da ya kai na Mordin Solus, likita kuma masanin kimiyya daga jinsin salarian. Akwai wani jinsi na mayaƙa da ake kira krogan, waɗanda aka taɓa amfani da su a yaƙi, da suka yi yawa suka fara mamaye duniyoyin wasu, sai aka sa musu wata cuta da ta sa a cikin ciki dubu, ɗaya ne kawai ake haifa da rai. Mordin yana cikin waɗanda suka sabunta cutar da aka ga ta fara sanyi. A kashi na biyu yana kare wannan aiki da lissafi da hujjoji, cikin maganarsa mai sauri mai guntayen jimloli, amma da ya tsaya a kan gawar wata mace krogan da ta ba da kanta a yi gwajin magani, sai aka ga lissafin bai kwantar masa da hankali ba. A nan ne aka ba mai wasa wani zaɓi da ya yi kama da ƙarami: a adana bayanan binciken da tsohon ɗalibinsa Maelon ya yi ta mummunar hanya, ko a lalata su. Sai a kashi na uku ne zai gane cewa rayuwar Eve, wadda daga jikinta ake haɗa maganin, ta rataya ne a kan waɗannan bayanai.

A duniyar Tuchanka aka ɗaure duk waɗannan zaruruwa. Shugabar salarian ta yi wa Shepard tayi a asirce cewa ya bari maganin ya lalace, ita kuma ta ba shi jiragen yaƙi. Mordin kuwa ya riga ya yanke shawarar hawa hasumiyar da ke rushewa don ya gyara kuskurensa, ko da zai mutu. Mai wasa na iya barinsa ya hau, yana kuma iya harbinsa ta baya. Idan Wrex ne ke shugabancin krogan, wato idan bai mutu a Virmire ba, zai gano cin amanar daga baya ya zo ya tunkari Shepard, a kashe shi. Idan kuwa ɗan'uwansa Wreav mai son ramuwar gayya ne ke mulki, kuma Eve ta mutu, to a nan ne kaɗai za a iya shawo kan Mordin ya janye ya rayu. Abin lura shi ne, a duk waɗannan rassa Mordin bai sauya hali ba. Mai wasa na iya sauya abin da ya same shi, amma ba ya iya sauya ko shi wane ne. Wannan shi ne ginin tauraro na gaskiya, kuma marubutan ne suka yi shi. Alƙaluman da kamfanin ya fitar sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wasa sun zaɓi a warkar da cutar. Wani zai ce ashe sauran rassan asarar aiki ne. Ba haka ba ne, domin sanin cewa ƙofar cin amana a buɗe take shi ya ba riƙon amanar daraja.

Ga mai wasa da ke zaune a Tsafe ko Bunguɗu, tambayar ko za a amince da wanda ya taɓa ɗaukar makami ba tatsuniya ba ce. A 2019 gwamnatin Bello Matawalle ta bi hanyar sulhu da 'yan bindiga, a watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a jihar aka koma ga farmakin soja, gwamnatin Dauda Lawal da ta hau a 2023 kuma ta ce ba za ta yi sulhu ba. Ba ana cewa rikicin wasan da na Zamfara abu ɗaya ne ba. Abin nufi shi ne irin wannan mai wasa yana da idon da zai ga inda labarin ya yi wa sulhu araha. A duniyar Rannoch, inda jinsin quarian ke yaƙi da na'urorin geth da suka ƙera da hannunsu, bayan gudun hijira na kusan shekara 300, ana iya sasanta su idan Tali da Legion sun tsira daga kashi na biyu, kuma mai wasa ya tara isasshen maki. Daga nan Shepard zai daka wa manyan hafsoshi tsawa ta rediyo, a tsagaita wuta, geth su shiga taya tsofaffin iyayengijinsu gina gari. Ba a zauna a kan maganar diyya ba, ba a ga wanda ya karya alƙawari bayan wata uku ba. A Tuchanka an bar shakka a zuciyar mai wasa, a nan kuwa an ba shi lada ne saboda ya cika sharuɗɗa.

Ƙarshen kashi na uku ya jawo wa kamfanin surutu mai yawa a watan Maris na 2012. Bayan tafiyar kusan awa ɗari, an tsayar da mai wasa gaban hanyoyi uku: ya hallaka Reapers, ko ya mallake su, ko ya haɗe masu rai da na'urori su zama abu guda. Hotunan da suka biyo baya kusan iri ɗaya ne, sai launin hasken da ya bambanta, ja ko shuɗi ko kore, wato dai duk kanwar ja ce. Laifin wurin a ma'aunin adabi shi ne an cire abokan tafiya daga zaɓin, aka kawo wani baƙon tauraro a siffar yaro a mintocin ƙarshe ya yi bayani. Wasu masu wasa sun aika wa kamfanin ƙananan kek kimanin 400 masu launi uku da ɗanɗano ɗaya. A ranar 26 ga Yuni, 2012 aka fitar da ƙarin bayani kyauta, aka nuna makomar taurarin, aka kuma ƙara hanya ta huɗu ta ƙin zaɓar ko ɗaya. Wannan ya yi kama da abin da ke faruwa da littattafan Hausa da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, inda masu karatu kan matsa wa marubuciya lamba kada ta kashe wance ko ta aura wa wane wance. Sai dai ita marubuciyar sau da yawa ba ta rubuta shafin gobe ba tukuna, saboda haka matsin yana iya juya labarin zuwa inda ita kanta ba ta shirya ba. Mai wasan Mass Effect kuwa yana zaɓa ne a cikin rassan da aka riga aka rubuta aka ɗauki muryoyinsu, har ma an tanadi wani mai suna Padok Wiks da zai hau hasumiyar Tuchanka idan Mordin ya mutu tun a kashi na biyu.