Kokowar Manya a Shafin Jarida

Kowa ya san filin kokowa. Ƙarfafa biyu sun shiga, makaɗa na zuga su, jama'a na kuwwa. To, an taɓa yin wata jarida a ƙasar Ingila da ta mai da siyasar ƙasarta tamkar filin kokowa. Sunanta Punch. Yau za mu duba aikinta, mu ga inda ta yi daidai da inda ta gaza.

An fara buga Punch a birnin Landan a 1841, zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi sarauta daga 1837 zuwa 1901. A wancan zamani kowane mako take fitowa, kuɗinta taro, wato kwabo 3. Jaridar ba'a ce. Cikin kowace fitowa akwai babban zane guda da ya cika shafi. Gwanin wannan zane shi ne Jon Teniyal. Ya shiga aikin jaridar a 1850, bai aje ba sai 1901.

Su wa ke kokowar?

Majalisar dokokin Ingila tana da manyan jam'iyyu biyu a lokacin. Ɗaya ta ƴan mazan jiya ce, shugabanta Dizraili. Ɗayan ta masu son canji ce, shugabanta Giladiston. Galibi jam'iyyar da ta fi yawan kujeru ita ke kafa gwamnati. Dizraili ya riƙe gwamnati a 1868, ya kuma riƙe daga 1874 zuwa 1880. Giladiston kuwa sau huɗu ya riƙe ta, farko a 1868, ƙarshe ya sauka a 1894. Ba sa ga maciji da juna. In wannan ya hau, wancan ya sauka.

Lokacin ne kuma jarida ta yi araha. An soke harajin hatimin jarida a 1855, aka soke harajin takarda a 1861. Jaridun kwabo ɗaya suka yawaita, kusan kowace da jam'iyyar da take bi. Wata ta yabi Giladiston, wata ta zage shi. Jawabin majalisa kuwa dogo ne, ba kowa ke iya karanta shi duka ba. Nan ne zane ya samu ƙarfi.

Abin yabo

Ga misali. A 1867 gwamnatin jam'iyyar Dizraili ta kawo dokar da ta ba ma'aikatan birane da yawa damar jefa ƙuri'a. Masu zaɓe a Ingila da Wales suka tashi daga wajen miliyan 1 zuwa wajen miliyan 2. Manyan ƙasa suka tsorata, don ba su san wanda talakawa za su zaɓa ba. Teniyal ya zana doki mai fuskar Dizraili. Bisa dokin akwai mace, ita ce alamar ƙasar Ingila. Dokin ya yi tsalle zai faɗa cikin duhun kurmi, ba a ganin abin da ke gaba.

Wannan gwaninta ce. Abin da ƴan majalisa suka yi watanni suna gardama a kai, ya taru cikin hoto guda. Kuma jaridar ba ta jin tsoron babba. Shugaban gwamnati ma ana iya mai da shi doki, a yi dariya, ba wanda aka ɗaure. Wannan ya cancanci yabo.

Inda ta gaza

Amma mai kallon kokowa ba ya tuna gona. Ga zane na biyu. A 1875 sarkin Masar, Isma'il, bashi ya yi masa katutu. Ya sayar da rabonsa na kamfanin mashigin Suwes, hanyar ruwa da jiragen Ingila ke bi zuwa Indiya. Dizraili ya saye ma ƙasarsa da fam miliyan 4. Teniyal ya zana shi tsaye cikin rairayin Masar, riƙe da babban mabuɗi. Babban gunkin dutsen nan mai kan mutum da jikin zaki yana kashe masa ido ɗaya, kamar abokin wayo.

Zanen yana da daɗin kallo. To amma ina mutanen Masar? Manoman ƙasar ne aka kwasa dubu-dubu, suka yi aikin tilas wajen haƙa mashigin a shekarun farko. Su ne kuma ke biyan haraji don bashin sarki. Ba ko ɗayansu cikin hoton. Mai kallo zai ce Dizraili ya yi wayo, ya ka da abokin hamayya, shi ke nan.

Giladiston ya soki wannan ciniki. Mai bin labarin kokowar zai zaci in ya hau, Masar za ta huta. Ina! A 1882, gwamnatinsa ce ta aika da jiragen yaƙi suka yi luguden wuta a kan Iskandariya, sojan Ingila suka mamaye Masar. Ga manomin Masar, da wannan da wancan duk kanwar ja ce.

A cikin Ingila ma haka. Dokar 1867 ba ta kai ga masu ƙwadagon gona na ƙauye ba. Sai a 1884 da yawansu suka samu ƙuri'a. Mata kuwa ba su samu ba sai 1918, su ma ba duka ba. Waɗannan mutane su ne mafi yawa a ƙasar, amma labarin manya biyu ya fi nasu cika shafi.

Laifi na biyu ya fi muni. A 1876 Dizraili ya kawo dokar da ta ƙara ma Biktoriya sarautar Indiya. Teniyal ya zana shi da kayan bokan nan na labarin Aladin, yana miƙa ma Sarauniya sabon kambi don ya karɓe tsohon. Ma'anar a fili take: yaudara ce, kada a ba da na gida don ƙyalƙyalin na waje. Har nan ba laifi. Amma Dizraili asalinsa Bayahude ne, an shigar da shi addinin Kirista yana ɗan shekara 12. Saboda haka aka yi ta zana shi kamar baƙo, ɗan wata nahiya mai sihiri, alhali a Landan aka haife shi. Sukar aikin shugaba daidai ne. Gorin asali kuwa makamin wanda ya rasa hujja ne.

Jarida kuma takan yi kuskure. A watan Fabrairu na 1885 Punch ta buga zanen murna, wai sojan Ingila sun ceci Janar Godon a Hartum. Ashe mutanen Mahadi sun ci garin tun 26 ga Janairu, Godon ya mutu. Mako na gaba dole aka buga zanen baƙin ciki. Abokan hamayya suka ɗora ma Giladiston laifin, suka ce shi ya yi jinkirin aika taimako.

Darasi

Teniyal gwani ne, ba musu. Amma gwanintarsa ta makaɗin kokowa ce, tana sa ka manta cewa abin da ake jayayya a kai shi ne haraji, da ƙasa, da rayukan mutane.

Kai da ka koyi karatu, in jarida ta zo hannunka, yi mata tambaya uku. Wa ya rubuta, kuma wa yake bi? Aikin mutum ake suka, ko asalinsa? Wa aka bari waje, ba a zana shi ba? In ka nemi amsar ta uku, sau da yawa za ka tarar manomi ne.