Dabbar da ta « ɓata » a hannun mai kamu: sharhi bisa wata alama ta manhajar MARK

1. Gabatarwa

Masu ƙidayar namun daji suna da wata dabara: a kama dabba, a sa mata shaida, a sake ta, bayan wani lokaci a koma kamu a ga masu shaida nawa suka dawo. Cormack a 1964, sannan Jolly da Seber a 1965, suka aza harsashin lissafinta. Manhajar MARK, wadda White da Burnham suka gabatar a 1999 a Amurka, tana cikin waɗanda aka fi yin wannan lissafi da su. Muna son mu duba yadda take ɗaukar dabbar da aka kama amma ba a mayar da ita daji ba, abin da ake ce wa « perte à la capture » da Faransanci.

2. Yadda alamar take aiki

Kowace dabba tana da layi guda: 1 na nufin an kama ta, 0 ba a kama ta ba. Idan an yi kamu sau 4, layin « 1100 1; » yana cewa an sake ta bayan kamu na 2, ba a ƙara ganin ta ba. Manhajar za ta lissafa cewa ko ta mutu, ko ta yi ƙaura, ko tarko ya kuskure ta. Layin « 1100 -1; » kuwa yana cewa ba a sake ta ba, saboda haka lissafinta ya tsaya nan. Wanda ya manta da alamar ragi ya ɗora wa daji mutuwar da tarkonsa ya jawo, ƙiyasin rayuwa kuma ya yi ƙasa.

3. Suka

Ta fuskar lissafi dabarar ta yi daidai. Aibinta yana ga suna. Dabbar da ake cewa ta « ɓata » ita ce kaɗai muka san ƙarshenta; wadda ta ɓace da gaske ita ce mai sifiri biyu ba tare da ragi ba. Ɗalibin da ya fassara « perte » da « ɓacewa » zai sa alamar a inda ba wurinta ba.

Na biyu, alama guda ta haɗa abubuwa mabambanta: mutuwa cikin tarko, yanka don bincike, da sauya mazauni. A 2018 an ɗauke raƙuman dawa 8 daga yankin Kure zuwa Gadabeji, cikin jihar Maradi. In da za a shigar da su irin wannan lissafi, alamarsu ɗaya da ta ɓeran da rana ta kashe cikin tarko.

Na uku, alamar tana ɗauka cewa wadda aka cire daidai take da ƴan uwanta. Alhali kuwa raunana ne suka fi mutuwa a tarko. In an cire su, ƙarfafa ne suka rage, ƙiyasin rayuwa yana iya haurawa.

4. Shawara

A ganinmu, « rashin saki » ya fi dacewa da « -1 », domin aikin mai kamu yake bayyanawa. A bar « ɓacewa » ga wadda aka saki ba ta dawo ba. Dalilin rashin sakin kuma, mutuwa ne ko ɗaukewa, a rubuta shi cikin kundin fili tun ranar kamu, tunda manhajar ba ta tambayarsa.