Babur Ba Birki, Kulob Ba 'Yan Gida

Ranar da na fara shiga filin tseren baburan da Turawa ke kira sipidwe a Ingila, hancina ne ya riga idona sanin inda na zo. Wani irin ƙauri ne mai ɗan zaƙi, na man methanol da ya gauraya da baƙin mai, wanda ke maƙale wa rigar sanyi har ka kai shi gida. Abokin aikina ne ya matsa mini, na bi shi don kada ya ce na yi masa girman kai. Babura huɗu suka jeru a bayan igiya, igiyar ta yi sama, kafin in gyara tsayuwa sun isa kwanar farko kafaɗa da kafaɗa. Babur ɗin ba shi da birki, giyarsa ɗaya tak, injinsa mai cc 500. In an zo kwana, mahayi sai ya wurga ƙafar baya waje, ya kwantar da babur, ƙafarsa ta hagu mai takalmin ƙarfe tana sharar ƙasa, tsakuwa na feshi a kan duk wanda ya matsa bakin shinge. Kewaye huɗu, kamar minti ɗaya, an gama. Na farko maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Haka za a yi karo 15, kowane kulob da mahaya bakwai. A daren na kamu, kuma ban warke ba.

To amma yau ina cikin masu ƙorafi, kuma muna da yawa. Ba tseren muke kuka da shi ba. Minti ɗayan nan yana nan da daɗinsa kamar yadda na same shi. Abin da ke cin ranmu shi ne duk abin da aka gina a kewayen minti ɗayan, wato yadda aka tsara gasar lig-lig ta Birtaniya. A ganina tsarin ya kai inda ɗan kallo ba ya iya nuna mahayi ya ce wannan namu ne, kuma wannan ya fi kowace matsala yi wa wasan illa.

Akwai wani dattijo da muke tsayawa wuri ɗaya a kwana ta uku. Yana zuwa da ɗan allo na katako mai matsi a sama, ya maƙala littafin shirin wasa, ya cike makin kowane karo da biro, kamar yadda yake yi tun ba a haife ni ba. Wata Litinin mai sanarwa ya soma karanto sauye-sauyen da aka samu. Na ga dattijon ya soke suna ɗaya, ya soke na biyu, ya soke na uku. Mutum uku cikin bakwai ba su zo ba: ɗaya na jinyar karaya, ɗaya yana wata ƙasa, ɗayan ma ba a faɗi dalili ba. Ya nuna mini sunan da ya rubuta a gurbin na farko, ya ce, "Yaro, ka ga wannan da za mu tafa wa yau? Ranar Alhamis shi ya cinye mu a gidansu." Na ce, "To Baba, in ya ci yau fa?" Ya ce zai rubuta makin, amma hannunsa na cikin aljihu.

Wannan shi ne tsarin baƙon mahayi. In naka bai samu zuwa ba, doka ta yarda ka aro na wani kulob, har na abokin hamayyarka a rukuni ɗaya, muddin matsakaicin makinsa bai wuce na wanda ya gaza ba. Wanda ya san gidan dambe ya ƙaddara a ce ɗan damben Arewa ya ɗaure hannu yau ya shiga wa Kudu, jibi ya dawo ya ce a yi masa kirarin Arewa. Wa zai yarda? A sipidwe na Birtaniya wannan abin yau da kullum ne. Kuma bai tsaya nan ba. Mahaya da dama suna da kulob biyu a lokaci guda, ɗaya a rukunin farko wato Premiership, ɗaya a na biyu wato Championship, ban da na Folan da Suwidin da Denmak. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Ana biyan mahayi ne gwargwadon makin da ya ci, shi ke sayen baburansa, shi ke biyan makaniki da mai gyaran inji, shi ke zuba mai a mota ya ratsa Turai cikin dare, kuma ƙashinsa ne ke karyewa. Dole ya nemi wurin hawa ko ina ne. Amma zanen aro ba ya rufe katara, kuma yaron da ubansa ya saya wa riga mai sunan gwaninsa ba zai gane dalilin da ya sa gwanin ya fito da launin wasu a mako mai zuwa ba.

Sai kuma ƙa'idar maki. Kowane mahayi yana da matsakaicin maki da ake lissafa masa, mafi girma 12. Kowace shekara masu kulob-kulob sukan zauna su yanke iyakar da jimillar makin mahaya bakwai ba za ta wuce ba. Niyyar mai kyau ce, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye ya bar saura da tarkace. Sai dai ga yadda take ƙarewa: kulob ɗin da ya yi ƙoƙari, mahayansa suka ƙara gogewa, makinsu ya hau, to ya wuce iyaka ke nan, tilas ya sallami wasunsu. Ladan nasara shi ne a wargaza ka. Shi kuma mahayin da ya yi shekara mai kyau yana iya rasa wurin aiki don makinsa ya yi nauyi, a ɗauki wanda bai kai shi ba don lambarsa ta shiga lissafi. Lokacin hunturu, maimakon magoya baya su riƙa gardamar wa ya fi wa iya kwana, sai ka same su da na'urar lissafi suna tara ɗigo-ɗigo.

Ga shi kuma babu hawa babu sauka na gaskiya tsakanin rukunan biyu. Kulob ne ke duba aljihunsa ya zaɓi inda zai zauna. Poole Pirates sun ɗauki kofin rukunin farko a 2018, bayan kakar 2019 suka sauka rukuni na biyu da ƙafarsu, ba wanda ya kayar da su. A 2023 da 2024 kulob bakwai ne kacal a rukunin farko, huɗu daga ciki kuma ke zuwa wasannin ƙarshe na neman kofi. Wato fiye da rabi. Na ƙasa ba ya tsoron faɗuwa, na sama ba ya tsoron rasa gurbi, ka ga kulob ɗaya ya zo maka sau biyu ko fiye a kaka da fuskokin da ka riga ka gani a rigar wasu. Me zai sa mutum ya biya fam ashirin da ɗoriya a watan Mayu, alhali ya san ba a fara wasan gaske ba sai Satumba?

Maganar rana ma abin dubawa ce. Rukunin farko ana yin sa ne Litinin da Alhamis, ba don 'yan kallo sun roƙa ba. Folan ta riƙe Juma'a da Lahadi, Suwidin Talata, Denmak Laraba, gasar duniya ta Grand Prix kuma Asabar. Abin da ya rage shi Birtaniya ta tsinta, don manyan mahaya su samu zuwa. Ƙasar da ta karɓi wasan nan daga Ostireliya tun 1928, ƙasar da mutum sama da 90,000 suka cika Wembley a 1981 don ganin Bruce Penhall ya zama zakaran duniya, ita ce yau ke cin ragowar kwanakin mako. Daren Litinin kuwa yara na da makaranta gobe. Ka duba 'yan kallo, furfura ta fi baƙin gashi yawa nesa ba kusa ba. Na taɓa tuƙin awa biyu bayan tashi daga aiki, na isa wani fili, aka bar mu tsaye cikin yayyafi kusan awa guda tarakta na kai da kawowa, sannan aka ce an ɗage wasa. Aka ce mu riƙe tikiti sai ranar da za a sake sawa. Wani mutum kusa da ni da 'ya'yansa biyu ya juya bai ce uffan ba. Ban ƙara ganinsa ba.

Masu kare tsarin za su ce ai ba wannan ke rufe kulob-kulob ba, filaye ne ake ƙwacewa. Da gaskiyarsu, kuma jerin yana da ban tausayi. Filin Brandon na Coventry an rufe shi a ƙarshen 2016, ya koma kango. Swindon Robins sun ɗauki kofi a 2019, daga nan ba su sake fitowa ba. Peterborough Panthers sun ɗauka a 2021, bayan kakar 2023 aka tashe su don ana son gina gidaje a wurin. A shekarar dai Wolverhampton ta rasa Monmore Green, inda aka fara tsere tun 1928, saboda masu filin sun zaɓi su tsaya ga tseren karnuka. Rye House ta durƙushe a tsakiyar kakar 2018, Eastbourne a 2021, Newcastle a 2022. Landan mai tarin kulob-kulob a da, yau ba ta da ko ɗaya. Yawancin kulob ɗin Birtaniya 'yan haya ne, ɗan haya kuwa ba ya hana mai gida sayar da gidansa.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Filin da ke cika maƙil kowane mako, mai shi zai yi tunani sau biyu kafin ya rufe, kansilolin gari ma za su ji nauyin masu jefa ƙuri'a. Filin da 'yan ɗaruruwa ke zuwa kuwa, wa zai tsaya masa? Shi ya sa nake ganin maganar fili da maganar tsarin gasa tushensu ɗaya. A Folan, inda gasar Ekstraliga ke da kulob takwas da hawa da sauka na haƙiƙa, garuruwa irin su Leszno da Gorzów da Lublin suna ɗaukar kulob ɗinsu kamar tutar gari. Birnin Toruń da kansa ya gina filin Motoarena aka buɗe a 2009. Ba na cewa a kwaikwayi Folan, kuɗin talabijin da na kamfanonin da ke can babu su a nan. Amma ko a Ingila an ga alama. Majalisar birnin Manchesta ta sa hannu aka gina wa Belle Vue Aces sabon fili a 2016, suka ɗauki kofi a 2022, karo na farko tun 1993. A Oxford an daina tsere a 2007, mutanen gari suka ƙi bari a rushe filin, suka yi ta fafutika har babura suka dawo a 2022. Inda mutane suka ji abu nasu ne, sukan tsaya masa.

Wa zai gyara? Nan gizo ke saƙar. Masu kulob-kulob su ne hukumar da ke tsara gasar. Su ke zama a ƙarshen kowace kaka su yanke iyakar maki da dokar baƙi da yawan rukunai, kowa da lissafin kulob ɗinsa a aljihu. An ba kura ajiyar nama. Ba na zarginsu da mugunta, da yawansu asara suke tafkawa daga aljihunsu saboda son wasan, kuma ba don su ba da tuni an kulle ko'ina. Sai dai wanda ke tunanin yadda zai biya mahaya a ƙarshen wata ba shi ne zai yi tunanin shekara goma masu zuwa ba. Shi ya sa kowace shekara ake yi wa doka kwaskwarima, a sauya suna, a ƙara wani sharaɗi, har wanda ya shekara arba'in yana kallo ya kasa bayyana wa baƙo abin da ake ciki.

Ni dai ra'ayina a haɗe rukunan biyu su zama gasa ɗaya, kowane kulob ya yi wasa a ranar da mutanen garinsa za su iya fitowa, kowane mahayi da kulob ɗaya a cikin ƙasar. Na san an gwada. A 1995 an haɗe su aka samu kulob 21, bayan kaka biyu abin ya watse, manya suka ware suka kafa Elite League a 1997. Amma a 1965 ma haɗewa aka yi aka kafa British League, kuma daga nan wasan ya farfaɗo har ya kai ganiyarsa a shekarun 1970. Na kuma san abin da za a rasa. Wasu manyan gwanaye za su zaɓi Folan su bar mu, kuma ni da na ga Emil Sayfutdinov a rigar Ipswich da Tai Woffinden a ta Sheffield a 2023, ba zan ce ba zan yi kewarsu ba. Mahaya ma ba za su isa a cike bakwai-bakwai ba in an hana hawa biyu, sai dai a rage zuwa shida ko biyar har matasa su taso. Na yarda da duk wannan. Tsere tsakanin matsakaitan mahaya huɗu da ƙarfinsu ya zo ɗaya ya fi daɗin kallo a kan zakaran duniya da ya tsere wa saura tun kwanar farko, kuma duk mai zuwa fili ya san haka.

Dattijon nan ya daina sayen tikitin kaka, sai wasan da ya ga dama yake zuwa. Ya ce mini allon nasa zai ba jikansa, sai dai yaron bai taɓa roƙon a kawo shi ba. Ku masu kulob-kulob, in kun zauna taronku na ƙarshen kaka, kafin ku shiga gardamar ɗigon maki, ku miƙa ragamar gasar ga wanda ba shi da kulob, ku soke aron mahayi daga abokin hamayya, ku mayar mana da daren Juma'a da Asabar.