Hannun Ɗan Barga a Kan Jijiyar Doki

Dokin da hakimi ya fito da shi daga Bebeji ko Kiru zuwa hawan Daushe, jama'a kwalliyarsa suke kallo. Ɗan barga kuwa ƙafa yake kallo. Ya san daga gwiwa zuwa kofato babu tsoka, ƙashi ne da jijiya da fata, kuma ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Jijiyar da ke bayan ƙwauri ita ke shan wahalar sukuwa, balle a ƙasa mai duwatsu irin ta Riruwai a Doguwa.

Gwani ba ya jiran ɗingishi. Da asuba zai shafa bayan ƙwaurin daga sama zuwa ƙasa, ya shafa na ɗayar ƙafar, ya gwada. Ɗumi kaɗan ko ɗan kumburi ya ishe shi labari. Sai ruwan sanyi, kamar minti 20, safe da yamma. Sannan naɗi, inda ake gane hannu: auduga mai kauri a ciki, bandeji a kai, kowane zagaye ya hau rabin na baya, matsi ɗaya tun daga ƙasan gwiwa har gaɓar da ke saman kofato. In ya matse wuri guda, naɗin da kansa zai ji wa jijiyar sabon ciwo. Lafiyayyar ƙafar ma ana naɗe ta, tunda ita ta karɓi kayan 'yar uwarta.

Yanzu akwai takalmin ƙwauri irin na 'yan wasan folo, mai maɗauri. Yana da rana: yana kare jijiya idan kofaton baya ya doki ƙafar gaba. Amma ba ya ɗauke wa doki nauyinsa, kuma yana tara zafi, alhali cikin jijiyar kan kai digiri 45 a sukuwa. Don haka mai hankali yakan sa shi lokacin tattaki kawai, ya cire da an dawo turke.

Sauran aikin rigima ce da mai doki. Ɗingishi kan tafi cikin makonni, amma jijiya sai ta ci wata 9 zuwa shekara, kuma tabon da ke maye gurbinta ba ya miƙewa kamar na asali. Ana farawa da jan doki a hannu minti 5 ko 10, ana ƙarawa sannu a hankali. Babbar Sallah na zuwa ne kusan kwana 70 kacal bayan ƙarama, saboda haka dokin da ya ji ciwo a hawan farko ba shi da rabo a na biyu, ko da ranka ya daɗe ya ɓata rai.